Saƙon da Baba Admin Ya Goge

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tura gadon marasa lafiya a babban asibiti, daga ɗakin haihuwa zuwa ɗakin tiyata, daga can kuma zuwa inda Allah ya nufa. Da ya yi ritaya bai fito da komai ba sai ciwon gwiwa, da kunne mai kaifi, da sanin cewa wasu ba cutar ce ke tafiya da su ba, jiran jini ne. Shi ya sa da 'yarsa ta saya masa waya ya buɗe guruf na masu ba da jini kyauta. Ya sa aka buga link ɗin shiga a takarda, ya manna a bangon asibiti, don baƙon da ba shi da kowa ya sami inda zai yi kuka. Tun daga nan sunansa ya ɓace, ya zama Baba Admin.

Teloli suka shiga, da direbobi, da malaman makaranta, har aka haura ɗari biyu. Yana da littafi da ya rubuta irin jinin kowa. Masu O negatib, jinin nan mai wuyar samu, uku ne kacal: ɗaya ya yi ƙaura, ɗaya tana da juna biyu, na ukun wani mai walda ne, ƙato mai saurin fushi.

To, ƙofar da aka bari a buɗe ba mabukata kaɗai take shigowa da su ba. Mai tallar maganin basir ya shigo. Masu "tura wa mutum goma ka ga buɗi" suka biyo. Akwai hoton wata mata a kan gado da ta shekara uku tana mutuwa a garuruwa daban-daban. Sau biyu mai walda yana rufe shago ya ruga asibiti, ya tarar babu mara lafiyar, babu ma mai irin sunan.

"Baba," ya ce a karo na biyu, "jinina ba ruwan famfo ba ne, kuma ƙafata ba ta haya ba ce. In na sake ganin shara a guruf ɗin nan, na fita."

Sai Baba ya kafa doka. Duk baƙuwar lambar da ta turo saƙo ba sunan ɗaki, ba lambar gado, gogewa ne nan take, a kuma fitar da mai ita. Abu ɗaya kawai ya kasa bari: kafin ya goge, sai ya tura saƙon wayar matarsa, Iya. Iya ta ce ya mai da wayarta juji, amma tana jin daɗin sauraro in tana aiki.

Wata safiya ya tashi da saƙo goma sha huɗu na baƙi. Yana shafa man zafi a gwiwa da hannu ɗaya, ɗayan yana turawa yana gogewa. A ciki akwai wani saƙon murya, ba rubutu, ba ɗaki, ba gado. Bai saurara ba. Ya goge, ya fitar da lambar. Mai walda ma har ya turo alamar babban yatsa.

Bayan kamar minti arba'in Iya tana guga a tsakar gida, ta kunna jujinta. Muryar wani mutum ta fito, yana haki.

"Don Allah jama'a, matata ce. Ta haihu, jini ya ƙi tsayawa. Sun ce O negatib, sun ce babu. Don Allah."

"Wannan ya iya kuka," in ji Iya. "Da fim ya shiga da ya yi suna."

"Maimaita."

"Me?"

"Maimaita, ki ƙara murya."

Ba mutumin yake saurara ba. A bayan muryar akwai wani ƙara siriri: ƙiii, tak. Ƙiii, tak. Sai ƙofa ta bugu sau biyu. Baba ya ajiye kwalbar man a hankali. Tayar baya ta hagu ce, ta gadon ɗakin haihuwa. Shekara goma sha ɗaya yana ɗiga mata mai da hannunsa, ba ta taɓa yin shiru ba.

Iya ta dubi fuskarsa, ta kashe dutsen guga.

Ya nemo lambar da ya fitar, ya kira. A kashe. Ya kira Sista, tsohuwar nas ɗin ɗakin, sau uku ba ta ɗauka ba. Ya san Sista. In ba ta ɗauka ba, hannunta yana cikin safa. Ya kira mai walda, wayar ta yi ta ringi har ta gaji.

"Kawo wayarki," ya ce. Ya fita ko hula bai ɗauka ba, ya tare mai babur.

A shagon, tartsatsi na tashi. Mai walda ya duƙa a kan ƙyauren ƙarfe, mai ƙyauren kuma yana tsaye a kansa yana duba agogo. Sai da Baba ya taɓa kafaɗarsa ya ɗage gilashin fuska.

"A'a, Baba Admin da kansa? Yau shara ta kai ka bango?"

Baba ya kara masa wayar a kunne. Mai walda ya saurara har ƙarshe, ya miƙo ta.

"Wane ɗaki? Wane gado?"

"Bai faɗa ba."

"To dokarka ce, Baba. Ba ni na kafa ta ba."

"Na san tayar."

"Tayar me?"

"Ta gadon. Ka ji ta a baya."

Mai ƙyaure ya yi dariya. Mai walda bai yi ba, ya dai goge gumi. "Baba, don girman Allah. In bar aikin mutum saboda kukan taya?"

"In muka je babu kowa, ka fita daga guruf. Ni kuma in rufe shi yau, in je in yage takardar da hannuna." Ya sa wayar a aljihu. "Saƙon ya kusa awa guda. Ni na goge shi."

Mai walda ya dube shi, ya dubi ƙyauren. Ya kashe inji.

"Wallahi Baba, in ƙarya ce, a ƙasa za ka dawo," ya ce, yana tayar da babur ɗinsa.

A ƙofar ɗakin haihuwa wani mutum yana zaune a ƙasa, rigarsa ta ɓaci, yana ta danna wayar da cajinta ya ƙare. Sista ta leƙo, safa a hannu.

"Baba? Wa ya kira ka?"

"Gadonku. Ga O negatib."

Ba ta sake tambaya ba. Ta kama hannun mai walda, ta ja shi kamar ɗan makaranta.

Baba ya zauna a benci kusa da mutumin. An wuce da matar ɗakin tiyata, ba abin yi sai jira. Can mutumin ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Na ga wata takarda a bango, na tura musu saƙo. Sai suka cire ni. Ban san laifin da na yi ba."

"Ni ne," in ji Baba.

Mutumin ya juyo ya dube shi.

Rana ta kusa tsaka lokacin da ƙarar ta taso daga ƙarshen baranda. Ƙiii, tak. Mutumin ya miƙe. Baba bai miƙe ba, ya rufe ido ya kasa kunne. Ya san tafiyar gado iri biyu. Akwai wadda mai turawa yake yi shi kaɗai, ta gawa. Akwai kuma wadda takalmin nas yake biye a gefe, tana riƙe da ledar jini.

Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Takalmin Sista.

"Je ka tare ta," ya ce. "Ka yi mata magana, tana ji."

Mai walda ya fito da auduga a hannu, yana shan lemo. "Tayar nan taku," ya ce, "minti biyar zan gyara ta."

"Bar ta," in ji Baba.

Da ya koma gida ya tarar da saƙo tara na baƙi. Ya sa Iya ta matso da kujerarta. Suka saurare su ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, har da na mai maganin basir, wanda ya yi minti shida yana bayani. Sannan Baba ya goge.