Faifan Gwaji da Gonakin Malam Sanda

A duk shekarun da na yi ina aiki, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce ranar da aka miƙa wa Malam Sanda takardar tuhuma a ofishinmu na Gummi. Ƙarshen shekarun 1980 ne, bayan an gama yankan gero. Lokacin ina ƙaramin akawu a wani shirin bunƙasa noma. Ni kaɗai aka tura kwas na mako shida a kan kwamfuta, don haka makullin ɗakinta yana aljihuna.

Ku na yanzu sai an yi muku bayani. Na'urar ba ta da ma'ajiya a cikinta. Kafin ta tashi sai an zura mata faifan tayarwa, wanda ke ɗauke da abin da ake kira kanel. Kanel shi ne sarkin gida: shi ke karɓar abin da ka buga, ya nuna shi a allo, ya zaɓi inda za a rubuta shi a faifan ajiya. A kwas an ce kada mu taɓa shi, amma ba a ce mana don me ba.

Ni kuwa a shagon gyaran rediyo na tashi, inda ake koyon sana'a ta hanyar cire abu ɗaya, a kunna, a ji me ya mutu. Sai na kwafi faifan tayarwa, na ɗiga wa kwafin jan biro. Kullum bayan la'asar, kafin a kashe janareta, nakan buɗe cikin kanel, in canja lamba ɗaya, in sake tayar da na'urar, in rubuta abin da ya faru a littafina. Wata lambar ta hana madannai amsawa. Wata ta cika allo da shirme. Ina jin daɗin abin ƙwarai, har na fara ɗaukar kaina injiniya. Wata ranar Litinin na canja wata lamba, na kunna, komai lafiya lau. Na rubuta "babu abin da ya faru", na tashi na tafi gida, faifan mai jan biro yana cikin na'urar.

Washegari Malam Sanda ya kawo fom ɗinsa. Shi ne mai awon gonaki na ɓangaren Bukkuyum, dattijo mai ƙarancin magana, da babur ɗinsa da ya sha hanyar Zugu da Adabka. Ƙa'idar aiki ita ce ya auna gona, ya auna damin da aka samu, ya cika fom. Ni in shigar a kwamfuta, a ɗaure fom ɗin a aika Sakkwato, in buga sakamako in kai wa shugaban shiyya, Alhaji Ɗahiru. Haka aka yi, kuma motar Sakkwato ta tashi da takardun a ranar.

Da Alhaji ya duba sakamakon, sai ya ga gonakin Adabka duk awonsu ɗaya da na Zugu, layi bayan layi. A aikinmu wannan alama ce sananniya: ma'aikaci ya zauna gindin bishiya ya cika fom da ka. Hukuncinsa kora.

"Ranka ya daɗe," in ji Malam Sanda, "ban taɓa zamnawa gindin icce in cika takarda ba. Dut gonakin ga da ƙahwata nit taka su."

"Malam Sanda, inji ba ya ƙarya," Alhaji ya ce. "Kwana ukku gare ka ka amsa."

Da na koma ɗakin kwamfuta na zaro faifan tayarwa, sai ga ɗigon jan biro. Nan take na gane. Lambar da na canja tana cikin sashen da ke zaɓar wurin rubutu. In bayanin kaɗan ne ba a ganin komai, in ya yi yawa sai a rubuta wani a mazaunin wani. Rediyo in ka cire masa abu yakan yi shiru ya tona kansa. Shi kuwa kanel ya ci gaba da aiki kamar mai lafiya.

Ba zan ɓoye muku ba, kwana biyu na yi shiru. Tsoro nake ji, kuma babu mahalukin da zai iya ganowa a duk shiyyar. A rana ta biyu na ga Malam Sanda zaune a kan benci, yana rubuta amsarsa yana gogewa. Ya ɗago ya ce, "Lawali, kai da kas san Turanci, duba mini ko na rubuta daidai." Na karɓi takardar, na kasa karanta ta.

Da safe na shiga ofishin Alhaji da faifai biyu da littafina. Na faɗa masa abin da na yi, aka kira Malam Sanda, muka shiga ɗakin kwamfuta. Malam Sanda yana da ɗan kundi da yake rubuta awonsa da ajami, don kansa. Yana karantowa ina bugawa, a gaban Alhaji. Da faifan asali, kowace gona ta fito da nata. Da mai jan biro, Adabka ta sake zama Zugu. Alhaji ya daɗe yana kallon takardun biyu, sannan ya yaga tuhumar, ya miƙo hannu. Na ba shi makulli. An mayar da ni sito a Anka wata shida, ina ƙirga buhunan iri, kuma ban ga an zalunce ni ba.

A bakin ƙofa na ba Malam Sanda haƙuri. Yana ɗaura kundinsa a bayan babur, bai ko ɗaga murya ba.

"Kai na yahe maka, ɗana, neman sani kaka yi," ya ce. "Abin da ad damuwata, shekara sha biyu ina bin gonakin ga, amma ba a yarda da ni ba sai da inji yay yi ƙarya gaban shaidu."

Ban daina buɗe kanel ba, da shi na ci abinci har na yi ritaya. Sai dai ban ƙara rubuta "babu abin da ya faru" ba, sai in rubuta "ban gani ba tukuna". Kuma duk ranar da na'ura ta tuhumi mutum, ita nake fara yi wa tambaya.