Inda Namu Suke Kwance

Innata ba ta taɓa kiran kakanninmu da sunayensu ba. Auren zumunci suka yi da Baba, saboda haka kakanninta su ne kuma surukanta, kunya ba ta barin ta ta ambace su. Sai take kiran kowa da wurin da yake kwance. Akwai na gindin kurna, wanda ya fara riƙe sarautar fawa a garinmu na asali, can ƙasar Adar. Ɗansa shi ne na bayan rumbu. Daga shi sai na jar ƙasa, mutumin da aka ce bai taɓa barin maƙwabci ya kwana bai ga nama a miya ba ranar kasuwa. Dukansu suna fili ɗaya a bayan gidanmu na gado, an kewaye su da darni.

Ni a Arlit aka haife ni, sau ɗaya na taɓa leƙa filin ta saman darni ina yarinya. Kurnar da Inna ta cika mana kunne da ita, ashe wata 'yar ƙanƙanuwa ce, awaki sun cinye rabinta. Da na faɗa mata haka, ta wuni ba ta yi mini magana ba.

Baba ya zo Arlit tun garin bai wuce rumfuna ba, lokacin da aka fara haƙar ma'adini. Ma'aikata na son nama, shi kuma ya gaji wuƙa. Mahauta suka naɗa shi sarkinsu a nan ma, gidanmu ya zama masaukin duk wani Ba'adare da babbar motar kaya ta sauke a tasha. Ko yaro ka tambaya a kartiyenmu, wato unguwarmu, zai nuna maka ƙofarmu. Inna takan zauna tana tsinkar zogale tana jero mana kakanni. Ni na haddace su tas, Yaya kuwa, babban wanmu, dariya yake yi ya ce wannan karatun mata ne.

Baba ya rasu da safe bayan doguwar jinyar tari, kafin azahar an kai shi. Ba wanda ya yi zancen mayar da shi Adar. Inda mutum ya cika, nan ake rufe shi. Mu mata muka tsaya a zaure, kamar yadda aka saba, muna kallon bayan maza har suka sha kwana. Mace ba ta bin gawa, ba ta shiga maƙabarta. Da Yaya ya dawo, Inna ta tambaye shi ba tare da ta dube shi ba, don ɗan fari ne.

"Wane itace ne kusa da shi?"

"Inna, ina itace a maƙabartar Arlit? Rairayi ne da duwatsu."

Washegari ya ciro dogon ƙarfen rumfar Baba, mai ƙugiyoyin rataye nama, ya je ya kafa a wajen kai. Tun daga ranar Baba ya shiga jerin, ya zama na gindin ƙarfe. Inna kuma ta sa wa Yaya sharaɗi ɗaya: in tata ta zo, a gefen ƙarfen nan za a sa ta. Kowace Juma'a yakan je ziyara, ya dawo ya ce ƙarfe na nan, gefensa ma ba kowa tukuna.

Da aka rufe ramin ma'adinin Akokan, gari ya yi sanyi. Masu sayen nama suka ragu, manyan mahauta suka kwashe iyalansu, wasu Tawa, wasu Maraɗi. Yaya ya bi masu neman zinariya zuwa Tchibarakaten, ya ce in ya samu abin da ya samu zai dawo ya gyara rumfa. Rami ya rufta da shi. A can aka binne shi, hularsa kawai aka kawo mana. Na yi kuka har muryata ta dushe, kuma ina cikin kukan ina jin haushinsa. Har yau ban gama jin haushin ba, Allah ya gafarta masa.

Inna ta kwanta bayan haka, ba wani ciwo da likita ya gano sai ƙin abinci. Ƙannenta suka aiko daga Adar cewa a kawo ta gida, akwai wuri a cikin darni. Ta ƙi.

"Ni nan nike," in ji ta. "Tare munka zo, ba ni barin shi shi ɗai cikin rairayi."

Sai na tura mijina ya je ya dubo kabarin Baba, don mu san inda muka dosa. Ya daɗe, ya dawo yana share zufa. Ƙarfen babu. Ba namu kaɗai ba, duk wani ƙarfe mai nauyi da mutane suka kafa an tumɓuke, sai gwangwanaye da fasassun tukwane. Wasu sun ce masu sayen tsofaffin ƙarafa ne, wasu sun ce mabukata ne. Ban san ko wane ne ba, amma na yi masa Allah ya isa a tsakar gida da babbar murya, ban kuma janye ba.

Mijina ya halarci jana'izar Baba, amma wa yake ƙirga kaburbura yana ɗauke da makara? Maƙabartar ta ninka tun lokacin, iska kuma ta baje tudun kowa. Na je wurin wani tsohon mahauci, abokin Baba, wanda muke kira Kawu. Ya ce wajen gabas ne, kusa da wani dutse. Limamin kartiye ya ce a'a, ta arewa suka shiga. Aka kai su su biyun, kowa ya nuna wurinsa, tsakaninsu kuwa ya fi tsawon layin kasuwa.

Ban ɓoye wa Inna ba, don ita ba a yi mata ƙarya ta kasa ganewa. Sai ta ce:

"Ke da kinka hardace su duka, ba ki san inda ubanki shike ba?"

"Inna, an bar ni na je ne?"

Ta juya fuskarta bango. Na san ba da ni take faɗa ba, amma maganar ta zauna mini a ƙirji.

Ranar da ta rasu, maza suka tsaya a zaure da makara suna tambayar juna ina za a haƙa. Kawu ya leƙo ya ce, "Ɗiyata, ke za ki faɗa." Ni da ban taɓa taka wurin ba. Na ce su sa ta inda zuciyar Kawu ta fi kwanciya. Da suka isa, mai haƙa ya ƙi, ya ce ba zai sara a tsohon wurin da babu alama ba, kada ya buɗe wani bawan Allah. Gaskiyarsa ce. Aka kai ta sabon layi, can ƙarshe. Mijina ya ce na kusa da ita wani baƙo ne da aka koro daga ƙetare ta kan iyakar Assamakka, ya cika a tasha, ba wanda ya san sunansa.

Na hana a kafa ƙarfe. Na ba mijina turminta da ya tsage, na ce ya kife a kanta, wannan dai ba mai sayensa. Na kuma sa shi ya kai ɗana ya nuna masa, ya sake kai shi, har ya fara ƙorafi.

Kwanakin baya ina tsinkar zogale, 'yata ta ce in jero mata kakanni yadda Inna take yi. Na fara daga na gindin kurna, na bi su ɗaya bayan ɗaya, na kawo kan ta gindin turmi. Ta ce na tsallake kakanta namiji.

"A ina yake shi?"

Na ce mata yana Arlit. Ta tsaya tana jiran sauran, ni kuwa iyakar abin da na sani ke nan.