Ranar da Goggo Ta Hana Ni Shiga Ofis

Da ɓarin jikin mahaifina ya shanye, ina aiki a wani kamfanin irin shuka a Kalgo, ni ke tsara motocin da ke kai wa manoma iri. Shi yana Gwandu, kuma ba mai ɗaga shi sai ni. Manhajar aikin kuwa ba ta buɗewa sai a kwamfutar ofis. Na riga na rubuta takardar barin aiki, tana aljihuna.

Manaja ya ce in dakata. An kawo sabon tsari: in shiga shafin kamfani daga ko'ina, in sa kalmar sirri, a turo lamba shida a wayata, in shigar. Ya ba ni gwajin mako guda.

Safiyar farko na shimfiɗa tabarma kusa da gadon Baba, na sa kalmar sirri, na zuba wa waya ido. Shiru. Sai can na tuna tsohon layina na ba kamfani, shi kuwa yana cikin wayar goggona da nake zaune gidanta a Kalgo. Na kira ta na ce ta karanto mini lambar.

"Ba ni karantawa," in ji ta.

"Goggo, ni ne fa!"

"Kai da bakinka kac ce ko muryakka naj ji, kar in ba da lamba ta waya. 'Yan damfara mi ne ba su iya ba?"

Gaskiya ni na koya mata, har da ɗaga yatsa. Haushi ya kama ni, dariya ma ta kama ni. Na bar wa maƙwabcinmu Baba, na bi motar haya har ofishinmu a Kalgo. Mai kula da kwamfutocinmu ya sauya layin yana dariya, ya ce da ma'aikata za su yi taurin kan goggo da ya huta.

Washegari lambar ta shigo, shafin ya buɗe. Na tura motar iri zuwa ƙauyen Maruda, na ajiye kwamfutar, na ɗauko kofin kunu. Baba ya dube ni, maganarsa na fita da ƙyar.

"Yau ba ka tahi aiki ba?"

"Ina wurin aikin, Baba."

Ya kama hannuna da hannunsa mai lafiya, ya riƙe har kunun ya huce.