Kocin da Ya Ƙi Sa Hannu a Takardar Autanmu

Kafin mai shara ya iso, shi ya riga ya buɗe ɗakin motsa jiki. Ɗaki ne a ƙarƙashin benen 'yan kallo, taga biyu, fanka biyu, ɗaya tana aiki ɗaya tana hutu tun shekarar da aka kafa ta. Zai jera ƙarafan ɗagawa daga ƙarami zuwa babba, ya goge benci, ya warware igiyoyin tsalle, sannan ya ciro guntun alli daga aljihu ya sabunta layukan da ƙafafun jiya suka goge a siminti. Daga nan sai ya ja kujera ya zauna daidai bakin ƙofa. Wanda bai sani ba sai ya ce hutawa yake, alhali tafiyar 'yan wasa yake kallo. Kafin mutum ya ce ina kwana, ya riga ya gane wanda bai yi barci ba, da wanda ke ɓoye ciwon cinya, da wanda ya je ya buga ƙwallon unguwa jiya da yamma kuma yanzun nan zai rantse bai je ba.

Shekara ashirin da bakwai yana wannan, makon jiya ya ajiye aiki. 'Yan wasa suna ce masa Baba Saura-Ɗaya, don ba a taɓa gama ɗaga ƙarfe a gabansa bai ce saura ɗaya ba. A takardar kulob kuwa, shi ne kocin ƙarfi da juriya. Ba shi ke tsara wa zai buga gaba wa zai tsare baya ba, wannan aikin babban koci ne, mai kwat, wanda ake haskawa a talabijin. Nasa shi ne jikin da zai ɗauki wannan tsari: cinyar da za ta yi gudun minti casa'in, ƙugun da ba zai saki ba in an yi karo, da sanin ranar da za a matsa wa mutum da ranar da za a kore shi gida ya kwanta. In an ci kofi ba a neman sa a hoto. In 'yan wasa suka yi laushi a zagaye na biyu kuwa, kowa ya san ƙofar ɗakinsa.

Direban motar kulob har gobe yana ƙorafi. Ya ce duk tafiyar wasan waje, awa biyu ba ta cika sai Baba ya taɓa masa kafaɗa, a faka, ƙarti ashirin su sauko su zagaya mota suna miƙe ƙafa, masu wucewa suna tambaya ko lafiya. "Mutumin nan ya mayar da ni direban 'yan rawa," in ji shi. Amma shi ɗin dai ya faɗa mini da bakinsa cewa bai taɓa sauke ɗan wasa da ɗaurewar jijiya ba. Mai wankin riguna kuma ya ga ranar da Baba ya hana babban ɗan gabansu atisaye saboda tsallensa na safe ya ragu da yatsa biyu. Ɗan wasan ya yi ta bambami wai garau yake. Kafin la'asar zazzaɓi ya kwantar da shi.

Ni ba ɗan ƙwallo ba ne. Malamin lissafi ne ni, kuma da wannan lissafin nawa na kusa nakasa ƙanena. Shi ya sa nake wannan rubutu.

Autanmu mai tsaron baya ne, lamba biyar. Yana shekara ashirin da biyu jijiyar gwiwarsa ta hagu ta tsinke a fili, aka yi masa tiyata. Da likita ya gama nasa, sai ya miƙa shi ga Baba. Wata bakwai ina kai shi ɗakin nan a babur kowace safiya kafin in wuce makaranta. Da idona na ga cinyar da ta motse ta koma kamar hannuna tana mayar da nama a hankali. Na ga dattijon nan durƙushe a siminti, riƙe da dunduniyar Auta, yana koya masa taka ƙasa daga farko.

Sai ga takarda daga wani babban kulob, suna son ganin Auta a gwaji nan da mako biyu. Sharaɗinsu ɗaya, kocin ƙarfi ya sa hannu cewa ƙafa ta koma daidai. Mama kafin magariba ta buga wa duk dangi waya, har da waɗanda ba ta shiri da su.

To, Baba yana da ƙa'idar da duk kulob ya sani. Mai jinya zai tsaya a layin alli da ƙafa ɗaya, ya yi tsalle gaba iya ƙarfinsa, ya dira a kan ƙafar, ya daskare har a ƙirga uku. Sai a ja alama a bayan dunduniya. A fara da lafiyayyar, a bi da wadda aka yi wa aiki. In tazarar alamun biyu ta wuce faɗin yatsu huɗu, babu sa hannu, ko wane ne kai.

Mun gwada a tsakar gida, na auna. Hagu ta gaza dama da taƙi guda da rabi. Auta ya zauna ya dafe kai. Ni kuma, mai ilimin gida, na ce, "Kai Auta, ba ka da wayo. Wa ya ce dole sai hagu ta kamo dama? Ka sa dama ta jira hagu mana. Rage tsallen lafiyayyar, ka ɗan saki nishi a ga ka yi ƙoƙari."

"Yaya, Baba ne fa."

"Baba alli yake karantawa, ba zuciya ba."

Har atisayen nishin muka yi. Allah ya yafe mini.

Ranar awo ɗakin ya cika, babban koci, shugaban kulob, 'yan wasa a jikin taga. Auta ya yi da dama, ya saki nishin nan da muka shirya. Ya yi da hagu. Alama biyu suka kwanta kusa da juna, tazarar yatsa uku. Ɗaki ya ɗauki tafi, babban koci har ya zaro biro. Baba bai tafa ba. Ya daɗe yana kallon alamar ƙafar dama, sannan ya ce, "Ba zan sa ba."

"Haba dattijo!" in ji babban koci. "Ƙa'idarka ce, ga ta ta cika."

"Ba zan sa ba. A ba ni mako goma."

Kun san wanda ya fi kowa ɗaga murya? Ni. Ni da na san abin da na ƙulla, ni na ce masa baƙin ciki yake da ci gaban ƙanena, shi bai je ko'ina ba, ba ya son wani ya je. A gaban mutane na faɗa. Baba ya roƙi kowa ya fita, ya bar ni da Auta, ya tura ƙofa.

Sai ya taka a hankali, ya wuce alamun biyu, ya ɗora babban yatsan ƙafarsa a kan tabarmar roba da ke can gaba. "Auta, ƙafar daman nan taka na san ta tun kana shekara sha bakwai. Nan take sauka." Ya janye tabarmar. Wallahi, daidai inda yatsansa yake, ga ɗigon jan fenti da lamba biyar a gefensa, cikin ɗige-ɗigen sauran 'yan wasa, na shekara biyu kafin raunin. Bai duba littafi ba, bai auna ba.

"Yayan Auta, zo ka tsuguna nan. Kada ka kalli fuskarsa, gwiwar za ka kalla." Ya sa Auta ya sake tsalle da hagu. Da ya dira, na ga gwiwar ta karkata ciki tana kaɗawa, abin da ban taɓa lura da shi ba a wata bakwai. "Wannan a ɗaki ne, ba kowa a kansa," in ji Baba. "Ka kai shi fili, minti na saba'in, ya gaji, ga ƙato ya taho masa ta gefe. In ta sake tsinkewa, mun bar maganar ƙwallo, mun koma maganar sanda." Auta ya fashe da kuka. Ni kuwa na rasa inda zan sa idona.

Ba zan yi muku ƙarya ba, babban kulob ɗin bai sake kira ba. Damar ta tafi ke nan. Shugaban kulob ya ba Baba takardar gargaɗi, magoya baya suka yi ta yi masa ihu a filin wasa, Auta ya yi mako uku yana shiga ɗakin bai gaishe shi ba. Kalma ɗaya za ta wanke Baba, ya ce maguɗi muka yi. Bai faɗa wa kowa ba, ya bari aka ci gaba da ce masa mai taurin kai. Bayan mako sha ɗaya hagu ta iso kusa da jan ɗigon nan da gaskiyarta, ya sa hannu. Auta ya buga kakar wasa goma sha ɗaya a kan wannan gwiwa, ba ta sake kai shi asibiti ba.

Baba, kai ne ka zaɓi a zage ka a kan a ɗauko ƙanena a gadon marasa lafiya. Kai ne ka rufa wa mai zaginka asiri shekara goma sha biyu, kana gaishe shi kamar bai taɓa buɗe baki ba. Gwanin da ba a tafa wa, masanin ƙafar kowa. A walimar sallamarka na ja ka gefe zan faɗa maka wanda ya kitsa abin, ka yi dariya ka ce, "Na sani tun ranar. Auta ba shi da wannan lissafin." To yau ga shi na faɗa a gaban kowa, ni ne, kuma ka yafe mini.

Ku da za ku gaji wannan ɗaki, da duk wanda aikinsa ya haɗa da sa hannu a kan lafiyar ɗan wani, ku koyi sanin mutum irin sanin da Baba ya yi wa 'yan wasansa, ku kuma koyi cewa a'a ko da ɗaki ya cika da tafi. Mu kuma dangi, mu rage baki in masanin aiki ya ce a dakata.

Bana ƙafafun Mama suka daina ɗaukar ta. Gidan Auta a hawa na uku yake, can take zaune. Duk ranar Laraba in mun dawo daga ganin likita, sai ya tsuguna a gindin matakala, ta rungumi wuyansa, ya miƙe da ita a bayansa ya hau, ni ina biye da ledar magani ina haki. Tana ta yi masa faɗa wai ya bi a hankali kada ya kayar da ita, shi kuma yana dariya yana tsallake matakala bibbiyu. Mun gode, Baba. Allah ya ba ka lafiyar cin hutunka. Mama ta ce in gaya maka har yanzu ba ta huce da maganar babban kulob ɗin nan ba, kuma a bayan Auta take lokacin da ta faɗa.