Mai Allon Zayyana daga Kebbe

A ajin da aka share a makarantar Tambuwal ake zaɓen abu ɗaya da za a kai baje kolin zane na Jihar Arewa a Kaduna. Malam Attahiru, malamin zane, yana tsaye kusa da hoton kasuwa da ya yi wata uku yana shafa wa fenti. Idonsa kuwa yana kan wani baƙo.

An ce daga Kebbe yake. Dogo ne siriri, rigarsa ta saƙi ta koɗe a kafaɗa, yatsunsa uku sun rine da ja da kore. Ya jingina allon zayyana guda, irin wanda ake ƙawata wa mai saukar Alƙur'ani, ya zauna a ƙasa yana cin goro. Malam Attahiru ya tabbata mutumin bai taɓa riƙe rula ba. Abin haushin, layukansa ba su nuna ba.

Jami'in ilimi da ya zo yin zaɓen ya wuce hoton kasuwa da "Madalla," ya tsaya gaban allon, ya daɗe.

"Wannan za mu kai."

"Ranka shi daɗe, wanga ba shi zuwa Kaduna," in ji baƙon. "Na ɗiyata na. Jumu'a za ta sauka."

Ya naɗe allonsa a zane, ya fita ba gaggawa.

Jami'in ya juyo. "To, Malam, sai naka."

Malam Attahiru ya yi godiya yadda ya kamata. Tunda yake, bai taɓa zana abin da ya kai masa zuci har ya iya hana Kaduna shi ba.