Motar da Ba Ta Mutuwa Sai a Hannun Laraba

Wata rana a Zariya, mota ta mutu wa wata mata a tsakiyar shataletale.

Laraba sunanta, malamar firamare ce. Yaranta biyu na zaune a baya da jakunkunan makaranta.

Ɗan rami kawai ta faɗa, sai inji ya yi tsit. Sitiyari ya ƙage kamar an kwaɓa masa siminti, birki ya yi tauri. Da ƙyar da salati ta murɗa motar ta gangara ta tsaya a bakin kwalbati. Wani mai Keke Napep ya sha da ƙyar, ya wuce yana yi mata daƙuwa da hannu biyu. Allah kaɗai ya san da me ya riƙe keken.

Kuma ba ranar ce farau ba. Motar ta sha yi mata haka.

Abin haushin, ba ta taɓa yi wa maigidan ba.

Malam Ɗanlami, Baban Ilham, irin mazan nan ne da ba sa fara magana sai sun yi gyaran murya sun gyara hula. Duk ranar da ta kawo ƙara, sai ya ɗauko nasa makullin, guda ɗaya tal, ya ja motar har Samaru ya dawo. Ya fito ya rufe ƙofa a hankali, ya ce shi dai lafiya lau ta kai shi, lafiya lau ta dawo da shi.

An kai ta gareji. Bakanike ya ɗaga bonet, ya kara kunne, ya karɓi makullin maigida ya zaga unguwa. Ya dawo yana sosa ƙeya, ya ce Oga, motar nan ras take, sai dai ko ƙafar Madam ce ba ta gama zama ba.

Surukarta kuwa ta ce baki ne. Ai tun da aka kawo motar nan daga Kwatano idon mutane ke kanta. Ta aiko da turare a ƙulle cikin leda. Laraba ta turara mota ciki da waje, har yara suka fara zuwa makaranta suna ƙamshin ɗakin amarya.

Washegari motar ta sake mutuwa, da ƙamshinta da komai.

To bayan abin da ya faru a shataletale, Baban Ilham bai yi faɗa ba. Ya miƙa hannu ya karɓi damin makullanta, ya zare na mota, ya mayar mata da sauran. Ya ce ba zai yi caca da ran 'ya'yansa ba. Ya ce ya riga ya yi wa dillali waya, da an samu mai saye shi ke nan, ita kuma ta haƙura da tuƙi, ba kowa Allah ya yi wa ba.

Ba rabuwa da motar ce ta fi yi mata ciwo ba. Ita kanta ta fara yarda cewa laifin nata ne.

Ana nan sai aka yi suna a maƙwabta.

Laraba ta sauko daga Keke Napep, mata suka yi mata caa. Ina mota? Ko an kai ta wanki ne? Wata ta ce ta ji an ce yanzu direbobin tirela ma in sun hango ta kaucewa suke yi.

Ita kuma ba ta iya fushi a cikin taro ba. Sai ta jawo kujerar roba ta zauna, ta ɗauki murfin tukunya ta mai da shi sitiyari. Ta zaro damin makullai daga jaka, ta murɗa a iska, ta yi ƙarar inji da baki. Ta yi tsalle a kujera alamar rami, ta yi tsit, ta zaro ido. Daga nan ta miƙe ta gyara hular da babu, ta yi gyaran murya irin ta Baban Ilham sak.

Mata har da masu faɗuwa kan tabarma.

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba: Hajiya Gambo mai atamfa, kakar jaririn da ake wa suna. Ta tambayi irin motar, aka faɗa mata. Ta ce a miƙo mata makullan nan.

Ta auna su a tafin hannu. Na get ɗin gida, na ƙofar falo, na kicin, na sito, na wardirob, na ajinta a makaranta, ga abin yanke farce, ga 'yar tocila.

"Ɗiyata, a jikin wannan kike rataya na motar?"

"Eh, Hajiya. Kar in yar."

"Shi kuma maigidan?"

"Nasa shi kaɗai ne, ko zobe babu."

"To ba tuƙi ne ba ki iya ba. Motarki ce take da ciwo, kuma waɗanda suka ƙera ta sun sani."



Ashe Hajiya irin motar ce da ita, kuma ta taɓa mutu mata a kan gada. Sai dai ita ba ta tsaya ga bakanike ba. Ta je har wurin wakilan kamfanin a Kaduna ta zauna, ta ce ba ta tashi sai an gaya mata abin da ke neman kashe ta. Aka shigar da lambar casis, wato lambar jikin motar, a kwamfuta, sai ga magana ta fito. Ramin makullin irin motar nan yana da rauni tun daga masana'anta. In aka rataya masa nauyi, aka daki rami, sai makulli ya juya da kansa ya kashe inji ana cikin tafiya. Kamfani ya daɗe da yin kira a can ƙasar waje cewa kowa ya kawo tasa a canza masa. Amma motar da ta hau jirgin ruwa ta bi ta Kwatano ta sauya hannu sau nawa, wa zai kira mai ita?

Laraba ta koma gida, ta duba doguwar lambar nan da ke gindin gilashin gaba, ta shigar a shafin kamfanin. Tata ma tana ciki.

Ta san mijinta. In ta nuna masa waya zai ce yanzu kowa likitan mota ne a intanet. Saboda haka ba ta ja da shi ba. Ta roƙe shi alfarma ɗaya: ran Asabar su je filin makarantarsu, babu yara babu kowa, ya ja motar a hankali, amma da damin makullanta a jikin nasa.

Ya ce shirme ne. Amma ya je, don ya nuna mata shirmen.

Zagaye na farko lafiya. Ya kalle ta ta gefen ido. Ya sake zagayowa, ya hau wani ɗan tudu kusa da ragar gola.

Tsit.

Ya kama sitiyari da hannu biyu yana kokawa da shi, hula ta karkace, har motar ta gaji ta tsaya da kanta cikin ciyawa. Ya juya ya kalli kujerar baya, inda yara suke zama. Sannan a hankali ya tambaye ta ko haka take ji duk lokacin.

Ta ce haka.

A nan cikin motar ya kira dillali ya ce a dakata, ba zai sayar wa wani bawan Allah da abin da bai sani ba. Suka kai motar Kaduna. Aka ɗauki bayanin duk inda ta taɓa mutuwa, aka ce su jira kayan ya iso, kafin nan kar a rataya wa makullin komai. Kaya ya iso, aka canza.

Laraba ta saka labarin a gurup ɗin malamai. Kafin la'asar wata ta biyo ta ta bayan fage, ta ce ita ta kusa shekara tana ɓoye wa mijinta cewa tata motar ma haka take yi mata, tsoron kar a ce ba ta iya ba.

Ran Litinin da safe Baban Ilham ya ajiye mata makulli kusa da kofin shayinta, ya yi kamar yana neman takalminsa.

Yanzu in ka bi ta majalisarsu bayan Magariba za ka ji shi yana yi wa maza lacca, wai shi tun farko jikinsa ya ba shi ba daga tuƙi ba ne. Laraba ta ce a bar shi, in dai za su je su duba tasu.

Darasi:

In mota ta yi miki abin da ya tsorata ki, ko ta yi maka, kar kunya ta sa a yi shiru. A faɗa, a kai ƙara wurin wakilan kamfani da hukumar kare haƙƙin masu saye. Da ƙorafin mutane ake gane cewa ciwon ba na mota ɗaya ba ne.

Mai motar Kwatano, ba wanda zai kira ka. Ɗauki lambar casis ka duba a shafin kamfaninta ko an yi kira a kanta, kuma ka riƙa leƙawa lokaci-lokaci.

Maza kuma, in ta ce mota ta yi, to a saurara tukun kafin a gyara hula.

Ku tura wa duk mai mota a gidanku, musamman antin nan da jakarta ke kacau-kacau in tana tafiya.