Wayar Susan da jirgin Zakari

Susan Tanimu ta zo gidanmu na Yelwa ne shekarar da ta samu gurbi a makarantar koyon aikin lafiya. Daga wani ƙauye kusa da Wara ta fito, ta sauka wurin ƙanwar mahaifinta, Goggo Asibi, mai bandar kifi. Gidan haya ne, ɗakina yana kallon nasu, don haka babu abin da ya shige mini duhu na yadda yarinyar take kwana take tashi.

Ba ta da surutu. Da asuba takan cika randuna, ta juya kifin da ya kwana a kan waga, ragar ƙarfen da ake banda a kai, ta yi wanka, ta sa fararen kayanta, ta tare kabu-kabu a bakin titi. Da la'asar ta dawo, ta sauya zani, ta bi goggonta bakin ruwa tarbar jiragen masunta. Ranar Lahadi coci, daga nan wanki. In don wannan ne, da babu wanda zai riƙe sunanta a unguwar. Abin da ya sa aka san ta, wayarta ce.

Tsohuwar waya ce mai tsagaggen gilashi, yayanta Gideon ya bar mata. Da ita take ɗaukar hoton duk abin da idonta ya sauka a kai. Allon aji kafin malami ya goge. Tarwaɗa a cikin kwando. Buhunan albasa a tasha. Inuwar darbejiya a jikin katanga. Akuyar mai gidanmu kuwa, na tabbata ta fi amaryar bana yawan hotuna. Kuma Susan ba ta gogewa. Ko hoto ya fito dishi-dishi, ko yatsanta ya rufe rabinsa, yana nan. Idan wayar ta ce ta cika, sai ta cire wani abu daban don ta samu wuri. Ta cire waƙoƙi, ta cire wasanni, daga baya har WhatsApp ta cire, 'yan ajinsu suka koma kiran ta idan an ɗage darasi. Da wannan ma ya kasa, ta fara sayen katin memori. In ɗaya ya cika ta zare, ta naɗe a takarda, ta jefa cikin wani gwangwanin man zafi da take ajiyewa ƙarƙashin katifa.

Da farko dariya muke yi. Amma ba a daɗe ba matan gidan suka fara gyara ɗaurin zani da zarar sun ji motsinta. Dudu, Bafulatanar da ke kawo mana nono, ta daina shigowa, sai ta tsaya a zaure ta yi kira. Na tambaye ta dalili, ta ce ba ta son a kai fuskarta inda ba ta sani ba. Wata ta ce ai wani saurayi ne a Abuja yake sa Susan ta turo masa hotunan mata. Wata ta ce ba saurayi ba ne, masu asiri ne suke saye. Mai gidana, wanda ba ya shiga maganar mata, shi ma wata rana ya ce mini, "Ki lura da yarinyar can. A zamanin ga, wanda ya san fuskar kowa da ƙofar kowa, ba a sake jiki da shi."

Na taɓa tsare ta a gindin murhu na ce, "Susan, hotunan ga, wa kike kai ma?"

Ta ce, "Ba kowa, Anti."

"To mi kike yi da su?"

"Ajiyewa nike yi."

"Kina kallon su?"

Ta ce, "Ba sosai ba."

Wannan amsa ba ta kwantar mini da hankali ba. Mutum ya tara abin da ba ya kallo, ba ya nunawa, ba ya sayarwa, wa zai yarda?

Abin ya fashe ne a damina, lokacin da ruwa ya cika. Wata ranar kasuwa, Zakari mai jirgin inji ya ɗauko mutane daga tsallake. Ya loda buhuna, ya ɗora babura biyu a kai, mata da yara sun cunkushe, bakin jirgin ya kusa shan ruwa. Susan tana tsaye a gaɓa da kwandon goggonta, ta ɗaga waya ta yi ta ɗauka har jirgin ya tsaya. Mutane da yawa sun gan ta. Zakari ma ya gan ta, har ya ɗaga mata hannu.

Bayan 'yan kwanaki sai ga ma'aikatan da ke kula da sufurin ruwa sun dira a gaɓar. Suka ce an hana lodin da ya wuce ƙima, an hana ɗaukar fasinja ba rigar ruwa. Jirage da yawa ne a wurin, amma Zakari suka fara nema da suna, suka kwance injinsa suka sa a mota. Wani ya rantse ya ga ɗayansu yana duba waya kafin ya nuna jirgin. Kafin magariba, duk bakin ruwa sun gama yanke hukunci cewa Susan ce ta tura musu hoto.

Washegari Goggo Asibi ta je tarbar kifi ta dawo da kwando wayam. Masuntan da ta shekara tana ciniki da su, kowa ya ce kifinsa yana da mai shi. Ta shigo gida ta ajiye kwandon, ta kira Susan cikin ɗaki, amma muryarta har tsakar gida.

"Ɗiyata, ki gaya mini gaskiya tun muna mu biyu. Ke kika tura?"

"Goggo, ban tura ma kowa komi ba."

"To don mi suka san sunan Zakari?"

"Wa ab bai san Zakari ba a bakin ruwa?"

Sarkin Jirgi ya aiko a kawo yarinyar da wayarta. Dattijo ne mai sanyin magana, ya daɗe da barin tuƙi, yana zama a rumfar da ke saman gaɓa. Na raka su, domin Goggo ta ce ƙafarta ba za ta kai ta ita kaɗai ba. Muka tarar rumfar ta cika. An kira Sufyanu mai shagon caji ya duba wayar, tunda shi ne ya san kanta. Susan ta durƙusa ta gaida Sarki, ta buɗe wayar da kanta ta miƙa.

Sufyanu ya fara ja da yatsa, mutane sun yi masa rumfa da kawuna. Allo. Allo. Zanen ƙashin mutum. Kaza. Girgije. Akuya, akuya, akuya. Aka yi ta tafiya, rana tana ɗagawa, ba a kai ko watan jiya ba. Masu tsayuwa suka fara neman wurin zama. Can sai wani ya ga kansa yana barci a kan taru baki buɗe, aka yi dariya, shi bai yi ba. Aka wuce wani hoton teburin mai shayi, sai ga wani magidanci zaune a gefe, a ranar da ya ce wa iyalinsa yana Shanga wurin ta'aziyya. Ga surukinsa kuwa yana cikin rumfar. Daga nan dariya ta ɗauke. Kowa ya fara tunanin inda ya tsaya da abin da ya yi a gaban yarinyar nan tun zuwanta garin.

Aka iso hotunan jirgin Zakari. Suna nan birjik, har ana iya gane fuskokin fasinja. Sarki ya ce, "Sufyanu, akwai alamar an tura?"

Sufyanu ya duba nan, ya duba can, ya ce, "Ranka shi daɗe, ban ga alama ba. Ko abin turawar ma babu a wayar. Sai dai ana iya turawa a goge, ana iya ba wani ya kwasa."

Zakari ya ce, "To kun ji."

Sarki ya juya ga Susan. "Yarinya, ke ba 'yar jarida ba, ba ma'aikaciya ba. Mi ya haɗa ki da jirgin mutane?"

Ta ce, kanta a ƙasa, "Baba, ni ba Zakari na ɗauka ba. Ruwan na ɗauka, yadda ya cika. Kakata takan ba mu labarin tsibirin da aka haife ta, wanda ruwa ya cinye da aka yi dam. Har ta rasu tana kwatanta muna wata tsamiya, ba mu gane ba. Ni in na ga abu ban ɗauka ba, sai in ji kamar na bar shi ya tahi."

Wasu suka gyaɗa kai. Wani daga baya ya ce labarin ya yi daɗi da yawa, da gani an shirya shi tun daga gida.

Sarki bai ce ta yi ba, bai ce ba ta yi ba. Ya ce ta goge duk wani hoto na bakin ruwa a gaban jama'a, kuma kada ta ƙara fito da waya a gaɓa. Sufyanu ya ce zai goge mata gaba ɗaya. Ta ce a'a, ta karɓa. Ɗaya bayan ɗaya ta riƙa gogewa, tana duban kowane kafin ta danna, hawaye yana ɗiga a kan gilashin tana sharewa da gefen gyale. Mutane suka gaji suka watse, aka bar ta da Sarki da Zakari. Ba wanda ya tambaya ko akwai wasu hotunan a gida, mu ma ba mu ce ba.

An mayar wa Zakari injinsa bayan ya yi ta zirga-zirga. Daga baya aka ji cewa ma'aikatan sun bi gaɓar ne tun daga Wara, kuma ba injinsa kaɗai suka kwance ba. Wasu kuma suka ce wani abokin tuƙinsa ne da suke takun saƙa ya kai sunansa. Ba a taɓa tabbatar da ko ɗaya ba, kuma babu wanda ya zo gidanmu ya ce a yi haƙuri. Masunta suka ci gaba da sayar wa Goggo kifi, da sharaɗin ta zo ita kaɗai.

Susan ta gama karatunta lafiya. Ranar da za ta bar gidan ta bi ɗaki ɗaki tana sallama, wasu suka sa mata albarka daga bayan labule. Yanzu tana aiki a wani ƙaramin asibiti a yankin Shanga. Goggo Asibi ta kai mata ziyara bayan girbi, ta dawo tana ba ni labari muna gyaran kifi. Ta ce labarin ya riga Susan isa can. Matan da ke kawo yara awo ba sa kwance goyo sai ta ajiye wayar a kan tebur, a kife, inda kowa zai gan ta. Ita kuma tana ajiyewa ba musu, kuma sun ce hannunta yana da sauƙin allura. In an tashi aiki sai ta bi gonakin albasa ita kaɗai har rana ta yi ja.

Na ce, "Tana ɗauka har yanzu?"

Goggo ta waiga ta dubi ƙofa, ta rage murya. "Ke dai miƙo mini wuƙar can."